Ido a Sararin Samaniya: Yadda Ake Auna Ingancin Hoton Tauraron Ɗan'adam

Ranar 30 ga Agusta, 2019, Shugaban Amurka Donald Trump ya wallafa wani hoto a shafinsa na Twitter. Hoton na wani dandalin harba roka ne a lardin Semnan na ƙasar Iran, inda wata roka ta tarwatse kwana guda kafin nan. Ana ganin baƙin tabon gobara a dandalin, da motocin da suka lalace, har da rubutun Farisanci da ke gefensa. 'Yan siyasa suka shiga cacar baki, su kuwa masana suka koma lissafi. Masu bibiyar taurarin ɗan'adam, ciki har da Marco Langbroek na ƙasar Holan, suka duba inuwar gine-gine da kusurwar da aka ɗauki hoton, suka gano cewa wani tauraron leƙen asirin Amurka mai lamba USA-224 ne ya ɗauke shi. An ƙiyasta cewa kowane ɗigo a cikin hoton yana wakiltar kimanin santimita 10 ne a doron ƙasa, alhali mafi kyawun hoton da kamfanoni ke sayarwa a lokacin na santimita 30 ne.

Abin da masanan suka yi a wannan rana ilimi ne mai zaman kansa, wanda aka shafe fiye da shekara 60 ana ginawa. Tambayarsa guda ce: me za a iya karantawa daga wannan hoto, me kuma ba za a iya ba? Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma hoton da aka ɗauko daga nisan ɗaruruwan kilomita yana da iyakar abin da zai iya shaidawa. Wanda bai san wannan iyaka ba, ɗayan biyu ne: ko ya ɗora wa hoto maganar da bai faɗa ba, ko ya ƙaryata shaidar da take sahihiya.

Daga gwangwanin fim zuwa ɗigon lantarki

Asalin al'amarin yana cikin zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Ranar 1 ga Mayu, 1960, Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2, ta kama matuƙinsa Gary Powers. A watan Agusta na wannan shekara shirin asiri na taurarin ɗan'adam na Amurka mai suna Corona ya samu nasararsa ta farko. Tauraron ya ɗauki hotuna a kan fim, ya jefo su cikin gwangwani mai laima, wani jirgin soja ya cafke shi a iska a sararin tekun Fasifik. Wannan tafiya guda ta ɗauko faɗin ƙasar Sobiyet fiye da abin da jiragen U-2 suka ɗauko gaba ɗaya. Hotunan farko dishi-dishi suke, abin da bai kai mita 8 ba ba ya fita. Kafin a rufe shirin a 1972, kyamarorinsa sun kai ga bambance abu mai faɗin kusan mita 2. A 1995 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin fitar da hotunan ga jama'a, sama da 800,000.

A wancan zamani injiniyoyi suna gwada kyamara da allunan gwaji. A hamadar Kalifoniya, a yankin sansanin sojan sama na Edwards, har yau akwai manyan shimfiɗu da aka zana wa fararen sanduna uku-uku, daga manya zuwa ƙanana. Kyamara ta ɗauke su daga sama, a duba rukunin sanduna mafi ƙanƙanta da ba su cakuɗe da juna ba, shi ne ƙarfinta. Wannan awo ya gamsar da injiniya, amma bai amsa tambayar mai fassarar hoto ba. Shi ba sanduna aka ce ya ƙirga ba. An tambaye shi ne ko wancan abu da ke filin jirgi mai kai hari ne ko mai dakon kaya.

Tsani mai mataki goma

A shekarun 1970 hukumomin leƙen asirin Amurka suka samar da ma'aunin da ake kira NIIRS, wato ma'aunin ƙasa na auna yadda hoto ke karantuwa. Matakansa goma ne, daga 0 zuwa 9. Hikimar da ke cikinsa ita ce an gina shi a kan aiki. An tara ƙwararrun masu fassarar hoto, aka jera ayyukan da suke yi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, aka ware wa kowane mataki nasa. Matakin hoto shi ne aiki mafi wuya da za a iya yi da shi. Ba lallai abin da aka ambata a jerin ya kasance cikin hoton ba. Mai awo zai tambayi kansa ne: da a ce abin yana nan, zan gan shi?

Da farko misalan duk na soja ne: tankokin yaƙi, jiragen ruwa, makamai masu linzami. A 1996 aka fitar da na farar hula, mai misalan gona da gari da daji. A mataki na 0 hoto ba ya karantuwa sam, saboda gajimare ko lalacewa. A na 1 za ka bambance birni da gona da daji da ruwa. A na 2 manyan gine-gine irin su asibiti da masana'anta suna bayyana. A na 3, inda ƙarfin hoton ke tsakanin mita 2.5 da 4.5, ana ganin gidaje ɗai-ɗai a unguwa da jirgin ƙasa a kan dogo. A na 4 za a gane filin wasan ƙwallon kwando. A na 5 ana hango manyan dabbobi kamar giwa da raƙumin dawa a fili. A na 6, tsakanin santimita 40 da 75, za a faɗi irin ƙaramar mota, a ƙirga turakun lantarki, a bi hanyar ƙafa a faƙo. A na 7 ana ganin matakalar bene ɗaya bayan ɗaya. A na 8 ana ganin sandar goge gilashin mota. A na 9, ƙasa da santimita 10, har ƙayar waya mai ƙaya da zangarniyar alkama ana gani.

Akwai ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan jeri. Hawa mataki guda yana nufin an raba girman ɗigon hoto gida biyu. Idan hoton mita 2 yana mataki na 4, sai an sauko mita 1 a kai na 5. Tunda kuwa ɗigo yana da tsawo da faɗi, kowane mataki yana ninka yawan ɗigon da ake buƙata sau huɗu a fili guda. Wannan ne ya sa kowane ƙarin mataki yake cin maƙudan kuɗi: madubi mafi girma, ma'ajiyar bayanai mafi yawa, da filin ɗauka mafi ƙunci.

Abubuwa ukun da ke yanke hukunci

Ma'aunin NIIRS yana buƙatar idon mutum, shi kuwa injiniyan da ke zana tauraron da ba a riga an ƙera ba, ba shi da hoton da zai nuna wa kowa. Don haka aka samar da wani lissafi mai suna GIQE, wanda ke hasashen matakin hoto daga siffofin kyamara. Jon Leachtenauer da abokan aikinsa sun wallafa fitowarsa ta huɗu a mujallar Applied Optics a 1997, hukumar NGA mai kula da hotunan leƙen asirin Amurka kuma ta fitar da ta biyar a 2015. Ginshiƙan lissafin uku ne.

Na farko shi ne faɗin ƙasar da ɗigo guda yake rufewa. Ɗigon tauraron Landsat mita 30 ne tsawo da faɗi, wato kusan fuloti biyu masu ƙafa 50 da 100. Gida da bishiyar darbejiya da rijiya da garken awaki da ke cikin waɗannan fuloti biyu duk za su narke su zama launi ɗaya tak.

Na biyu shi ne kaifin baki. Inda farin rufin kwano ya haɗu da baƙar kwalta, hoto mai kyau yana sauyawa daga fari zuwa baƙi farat ɗaya. Hoto mai rauni yana jan sauyin cikin toka-toka a kan ɗigo uku ko huɗu. Abubuwa da dama ke dusashe wannan kaifi: iyakar madubin kansa, rawar da iska ke yi, da gudun tauraron, wanda ke cin fiye da kilomita 7 a daƙiƙa guda.

Na uku shi ne yawan hasken gaske idan aka gwada shi da tsaki-tsakin da na'urar ke haifarwa da kanta. Duk wanda ya ɗauki hoto da waya bayan magariba ya san wannan tsaki-tsaki. Ana iya ƙara wa hoto kaifi da kwamfuta, amma yin hakan yana ƙara tsakin, shi ya sa lissafin ya auna su tare. Darasin shi ne hotuna biyu da aka rubuta wa santimita 50 suna iya bambanta da rabin mataki ko fiye. Lambar da kamfani ya rubuta a talla ɗaya ce kawai daga cikin ukun.

Hange daban, ganewa daban

Tun 1958 wani masanin ɗakin binciken sojan Amurka mai suna John Johnson ya rarrabe matakan gani. Bincikensa ya nuna cewa kafin a ce "akwai wani abu a can" ana buƙatar kimanin ɗigo 2 a faɗin abin. Kafin a ce "mota ce" ana buƙatar kimanin 8. Kafin a faɗi samfurinta kuwa sai kusan 13.

Mu ɗauki ƙaramar mota mai tsawon mita 4.5. A hoton Sentinel-2 na Tarayyar Turai, mai ɗigon mita 10, motar ba ta kai rabin ɗigo ba, don haka ba ta fita. A hoton ƙananan taurarin kamfanin Planet, masu ɗigon kusan mita 3, ta zama ɗan tabo a kan hanya. A hoton WorldView-3, wanda aka harba a 2014 mai ɗigon santimita 31, tsawonta ya kai ɗigo 14 ko 15, faɗinta kusan 6. Za a ga gilashin gaba, a ga launinta, a bambance ta da a-kori-kura. Mutumin da ke tsaye kusa da ita kuwa, faɗin kafaɗunsa bai cika ɗigo biyu ba. Sau da yawa inuwarsa ce ke nuna yana wurin. Fuska, lambar mota, ko abin da yake riƙe da shi, babu tauraron kasuwanci da ke nuna su. Abin da finafinai ke nunawa, inda ake ta zuƙo hoto har a karanta jaridar da ke hannun mutum, ƙage ne.

Hazo, inuwa da jinka

Ko da kyamara ta kai iya kyau, sai da yardar sararin da ke tsakaninta da ƙasa. Gajimare yana rufe komai, shi ya sa samun hoto mai tsabta na Neja Dalta ko gandun dajin Kwango a tsakiyar damina yake da wuya. A yankin Sahel matsalar ta hunturu ce. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya, tana watsa haske ta dusashe bambancin launi. Hoton da aka ɗauka ranar hazo mai kauri yana iya sauka mataki guda ko fiye, ko da tauraron bai sauya ba.

Kusurwa ma tana da tasiri. Lambar da ake tallatawa ta hoton da aka ɗauka tsaye ce, daidai saman wuri. Idan tauraron ya karkata don ya hango wani wuri a gefe, ɗigon yana miƙewa, hasken kuma yana ratsa iska mai yawa. Haka lokacin ɗauka: akasarin waɗannan taurari suna wucewa ne da hantsi, lokacin da akwai haske kuma inuwa ba ta yi tsawo ba.

Sai kuma yanayin abin da ake nema. Rufin kwano yana ƙyalli, ya fita tar. Ɗakin jinka ko na laka launinsa ɗaya da ƙasar da ya tsaya a kai, musamman da rani. Akasarin misalan ma'aunin NIIRS an ɗebo su ne daga gonaki da unguwannin Amurka, don haka mai aiki da shi a Sahel dole ya yi hattara. Masu aikin rigakafin shan inna a arewacin Najeriya sun yi amfani da hotunan tauraro wajen zana taswirar ƙauyuka da rugage domin kada a tsallake yara, kuma sai da suka haɗa da aika mutane su taka ƙasa su tabbatar.

Inda ido ya gaza ana komawa ga rada. Taurari irin su Sentinel-1 suna aika igiyar da ke ratsa gajimare, dare da rana. Sai dai hotonsu ba ya kama da abin da ido ya saba gani, shi ya sa aka yi masa nasa ma'aunin daban, kamar yadda aka yi wa hoton da ke auna zafi.

Darasin Baga

Garin Baga da ke gaɓar Tafkin Chadi a jihar Borno ya nuna ƙarfin wannan shaida da iyakarta har sau biyu. Bayan artabun da aka yi tsakanin sojoji da Boko Haram a watan Afrilu na 2013, ƙungiyar Human Rights Watch ta gwada hotunan kafin da na bayan lamarin, ta ce ta ƙirga gine-gine 2,275 da suka rushe, da wasu 125 da suka lalace ƙwarai. Hukumomin Najeriya suka musanta adadin, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta gabatar da nata nazarin da ya saɓa da na ƙungiyar. Taƙaddamar ta koma kan abin da hoton zai iya nunawa da yadda aka yi ƙidayar.

A watan Janairu na 2015 mayaƙan Boko Haram suka afka wa Baga da Doron Baga. Ƙungiyar Amnesty International ta fitar da hotuna biyu, na ranar 2 da na ranar 7 ga watan. An sarrafa launinsu yadda ɗanyen ganye zai fito ja. A hoton farko Doron Baga cike take da jajayen bishiyoyi da rufin gidaje a jere. A na biyu jan ya ɓace daga unguwanni da yawa, sai toka. Ƙungiyar ta ƙirga gine-gine sama da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata, kimanin 620 a Baga da fiye da 3,100 a Doron Baga. Amma a kan yawan waɗanda aka kashe, inda sojoji suka ce kimanin 150 wasu majiyoyi kuma suka ce har 2,000, hoton bai raba gardama ba. Yana da ƙarfin ƙirga rufin ɗaki, ba shi da ƙarfin ƙirga rayuka ko nuna wanda ya cinna wuta. Wannan ɓangare sai da bakin waɗanda suka tsira.

Hoto mai kyau, fassara mai kuskure

Akwai abin da ma'auni ba ya aunawa, shi ne tunanin mai fassara. Ranar 5 ga Fabrairu, 2003, Sakataren Harkokin Wajen Amurka Colin Powell ya nuna wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya hotunan wani rumbun makamai da ke Taji a Iraƙi. Ya ce motocin da ke wurin na wanke guba ne, alamar an ajiye makamai masu guba. Kwanaki kaɗan bayan haka shugaban masu binciken makamai Hans Blix ya shaida wa kwamitin cewa zirga-zirgar da aka gani tana iya zama ta yau da kullum. An yi yaƙi a Iraƙi, rahoton masu binciken Amurka na 2004 kuma ya tabbatar ba a samu tarin makaman ba. Hotunan sun nuna gini da mota, gaskiya ne. Abin da ke cikin ginin da niyyar masu shi, waɗannan zato ne aka ɗora a kansu, kuma dubban ɗaruruwan mutane ne suka biya kuɗin wannan zato da rayukansu.

Yau hatsarin ya samu sabuwar ƙofa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ɗaukar hoto mai dishi-dishi su fito da shi tangaram. Wannan yana taimaka wa ido, amma ba ya ƙara bayanin da kyamara ba ta ɗauko ba. Abin da manhajar ta cike, hasashe ne daga hotunan da aka horar da ita da su. Hoton da aka gyara haka bai kamata a kafa hujja da ƙananan abubuwan da ke cikinsa ba, a kotu ko a jarida, sai an koma ga na asali.

Me ya sa ba a hango 'yan bindiga?

Tambaya ce da ake yawan yi a Zamfara da Katsina da Sakkwato, kuma tana bisa hanya. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, mai ɗigon mita 32. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 mai ɗigon mita 2.5, tare da NigeriaSat-X mai mita 22, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa a kamfanin Surrey Satellite Technology na Ingila. Idan aka ɗora mafi ƙarfinsu a kan ma'auni, yana tsakanin mataki na 3 da na 4. Wannan ya isa a zana taswirar gari, a auna ambaliya, a bi yadda daji ke ƙarewa. Babur mai tsawon mita 2 kuwa bai cika ɗigo guda ba a cikinsa.

Ko da hoton santimita 30 aka saya, akwai sauran cikas. Tauraron da ke kusa da ƙasa ba ya tsayawa, mintuna kaɗan yake yi a saman wuri ya wuce. Wanda ke tsaye wuri guda yana can nisan kusan kilomita 36,000, daga nan kuwa gajimare da guguwa yake iya bi. Ganyen bishiya yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Amma hoton yana nuna sabuwar hanyar babura a daji, da filin da aka share, da ƙauyen da aka ƙona, da gonakin da aka daina nomawa. Waɗannan alamu suna da daraja idan akwai ƙwararrun da za su karanta su a kan kari, a haɗa da bayanan mutanen yankin. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, na Sentinel ma kyauta ne. Abin da ya fi ƙaranci shi ne masu fassara, kuma horar da su aiki ne da ya rataya a wuyan jami'o'i da hukumomi.

Ga ɗan jarida da mai karatu, duk lokacin da aka nuna muku hoton tauraro a matsayin hujja, ku yi tambaya huɗu. Wane tauraro ne ya ɗauka, nawa ne girman ɗigonsa? Wace rana aka ɗauka, tunda hoton da ke Google Earth yana iya zama na bara ko na shekarun baya? An gyara shi da kwamfuta ko na asali ne? Wa ya fassara shi, kuma akwai shaidar mutanen da ke wurin da ta goyi bayansa? Hoton da ya amsa waɗannan tambayoyi shaida ce da ta cancanci a riƙe ta da ƙarfi, ko da ta yi wa masu mulki ɗaci. Wanda bai amsa ba, kada ku yaɗa shi sai an amsa.